Kanwar da Na Zaɓa wa 'Yata da Hannuna

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya bar mini 'yata bayan na yi iyakar ƙoƙarina wajen rasa ta ba tare da na sani ba.

Sunana Tanko. A Kasuwar Kilomita Biyar ta birnin Bangi in ka ce Tanko kawai za a nuna maka mutum huɗu, amma in ka ce Tanko Mai Kanwa kai tsaye za a kawo ka rumfata. Kakana ne ya sauka Bangi daga Damagaram da buhun kanwa, ubana ya gada, ni ma na gada. Lakwal, wato makarantar boko, aji biyu na yi, malamin ya gaji da ni, na gaji da shi, muka rabu lafiya. Don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace, ya miƙe shi a ransa ya wuce. Na rubuta ne don maza irina, masu 'ya'ya mata da surukai, waɗanda ke zaune a ƙofar gida suna shan shayi alhali ba su san abin da ke faruwa taku goma a bayansu ba.

'Yar tawa ta fari ce, kuma sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa muke ce mata Uwani. Kun ga kunya biyu ke nan ta hau ni. Tun tana ƙarama ban taɓa zama na yi hira da ita ido da ido ba. In ina son ruwa sai in ce wa bango a kawo ruwa, ita kuma ta kawo ta ajiye wa bangon. Ta auri Idrisa, wani yaro mai gyaran waya a kasuwarmu, ɗan mutanen unguwar Kokoro, mai ladabi har ya yi yawa. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da ciniki ba, da Sango, yaren garin nan, muke magana.

Daminar bara ta haihu a asibitin haihuwa na unguwa, lafiya lau, 'ya mace. Da yake haihuwar fari ce, aka dawo da ita gidana wankan jego. Matata Ladidi ta share ɗaki, yayata Kande kuma ta iso da ƙullin kayanta ta karɓi mulki. Yaya Kande ta yi wa rabin matan Hausawan unguwar nan wankan jego. Ita ta goya ni, kuma har yau da gemuna fari in ta kira sunana sai na duba ko na yi wani laifi.

Ni aikina ɗaya ne, kuma na yi shi da zuciya ɗaya. Na shiga sito na zazzage buhu uku, na zaɓo ungurnu mai kyau, irin wadda ko Alhazai ba na fito wa da ita sai sun nace. Na lasa, na ji ta har ƙeya. Na kawo gida na dire gaban Yaya na ce a yi wa yarinya kunu safe da yamma, kada a yi tsimi, ai ba saye muke yi ba. Yaya ta ce yau dai na yi abin kai.

Satin farko biki ne. Aka dafa ƙauri, aka yi suna, jaririya ta ci sunan Rahama, ni kuwa na ce amaryata ce, na fara yi wa Ladidi gori cewa zamaninta ya wuce. Kullum da safe da la'asar rabin ganga na kan murhu yana tafasa, Yaya na tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa wa Uwani, tururi na tashi har maƙwabta su san gidan Tanko akwai mai jego. Bayan wanka sai kwanon kunun kanwa, sai gasasshen nama da yaji da gishiri.

A sati na biyu Ladidi ta ce mini ƙafafun yarinyar sun ciko, fuskarta ma ta yi ɓulɓul. Na yi murna. Na je kasuwa na ba da labari cewa jego ya karɓi 'yata, kuma na faɗi dalili, na nuna buhun. Mutum biyu suka sayi irinta a ranar don matansu. Allah Ya yafe mini, daga baya sai da na bi su har gida.

Sati na uku tari ya shigo. Ina jinsa daga zaure, busasshe, ba ya fita ba ya tsayawa. Yaya ta ce sanyi ne ya shige ta tun a asibiti, inda suke kwantar da mutum kan roba su kunna masa fanka, kuma maganin sanyi zafi ne. Aka ƙara itace, aka ƙara kanwa. 'Yan barka kowa da tasa: wata ta ce citta da kanumfari, wata ta ce a turara mata, wani abokina mai sayar da taya ya ce a ba ta man kada, ban san inda ya ga kada yana tari ba. Ladidi ta ce mini yarinyar ba ta iya kwanciya miƙe, sai an tara mata matasai ta jingina, kuma daga ɗaki zuwa makewayi sai ta tsaya ta dafa bango. Na ce a gaya wa Yaya. Ta ce Yaya ta sani. Na ce to shi ke nan.

Idrisa yana zuwa kullum bayan la'asar, ya tsuguna a zaure ya gaishe ni, ya shiga minti kaɗan ya fito. Wata rana ya daɗe a tsugune yana murza hularsa, daga ƙarshe ya ce ko za a leƙa asibiti. Na ce masa mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, kuma matar da ke kula da ita ta fara wannan aiki tun ba a haifi ubansa ba. Ya ce haka ne, Baba. Ya tafi. Shi yana jin nauyina, ni ina jin tsoron Yaya, Ladidi ba ta son a ce ta raina dangin miji, ita kuma mai ciwon tana jin kunyar mu duka. Gida cike da mutane masu sonta, ba wanda ya iya buɗe baki.

Ranar ashirin da biyar da haihuwa, da hantsi, na sa takalmi zan tafi kasuwa sai na ji Ladidi ta kira ni da wata murya da ban san tana da ita ba. Na shiga har wurin wankan, wurin da ƙafata ba ta taɓa takawa ba tun da aka fara. Na tarar da Uwani zaune kan turmi an yafa mata zane, bakinta buɗe tana jan numfashi kamar wadda aka danne, leɓenta ya canja launi, tana tari yana fitowa da kumfa. Rabon da in kalli fuskarta sosai har na manta. Abin da na yi ta yi wa mutane alfahari da shi ba ƙiba ba ce. Na danna yatsa a ƙaurinta, ramin ya zauna bai taso ba.

Yaya ta ce a bari ta sha iska tukuna. A karo na farko a rayuwata na ce mata a'a. Na sunkuya na ɗauki yarinyar, bayana ya yi wata ƙara da har yau ina biyan bashinta da man zafi, na fito da ita titi. Wani maƙwabci mai taksi ya zubar da fasinjansa ya ɗauke mu.

A asibitin unguwa muka sami Madam Solanj, ungozomar da ta karɓi haihuwar. Na san ta, ita ma ta san ni, kuma ba sanin arziki ba. Ita ce ke shiga kasuwa da wasu mata masu anko da lasifika suna kiran a je awon ciki, a dawo awo bayan haihuwa, ni kuma in sun iso layinmu nakan tambaye su ko awon da mudu ake yi ko da sikeli. Ranar ba ta tuna mini ba. Ta ɗora abin saurare a bayan Uwani, ta tambayi dalilin da ya sa ba a dawo da ita awon sati guda ba, ba ta jira amsa ba ta rubuta takarda, ta buga waya babban asibiti, ta ce mu tafi yanzu, kada mu tsaya ko sayen ruwa.

Can kuwa sai ka yi layi kafin a nuna maka layin da za ka bi. Taga ta farko takarda, ta biyu hatimi, ta uku mai hatimin ya fita. Idrisa ya iso a kan babur ba hula, ya bi tagogin da gudu, ni na zauna Uwani ta jingina da kafaɗata, Ladidi na riƙe da jaririya. Allah Ya saka wa wayar Madam Solanj, don wata likita ce ta fito da kanta tana kiran sunanmu. Yarinya ce, ba za ta girmi Uwani da yawa ba. Na ce a raina wannan ko kunu ta iya damawa? Kafin azahar ta sa an yi mata allura, an sa mata robar iska a hanci, an ɗauki hoton zuciya da wani abu mai kama da talabijin.

Da ta kira mu, kalma biyu ta faɗa da Faransanci waɗanda suka zauna mini: ker fatige. Zuciya ta gaji. Ta ce ciwo ne da ke kama wasu mata gab da haihuwa ko bayanta, zuciyar ta saki ta kasa tura jini, sai ruwa ya taru a ƙafa ya hau har huhu. Ta tambayi abin da take ci. Ladidi ta lissafa. Da aka zo kan kunun kanwa sau biyu a rana, likita ta ajiye biro. Ta ce zuciyar Uwani kamar mai tura amalanken pus-pus ne da lodin itace a kan tudu, ya riga ya gaji, mu kuma kullum muna ƙara masa buhu biyu, don kanwa da gishiri gidansu ɗaya, riƙe ruwa suke yi a jiki. Sannan ta tambaya wa ke sayar mana da kanwa mai yawa haka.

Na ce, "Wani tsoho ne a kasuwa, dokta. Zan yi masa magana."

Ladidi ta ce, "Ga tsohon nan a gabanki. Kyauta ma yake bayarwa."

Likita ta rufe baki da takarda. Uwani da robar iska a hanci ta fara dariya, dariyar ta zama tari, aka kore ni waje. A barandar na zauna na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Da likitar ta fito ta tsaya kaina ta ce, Papa, ciwon nan yana kama har matan da ba su taɓa lasar kanwa ba, ba kai ka ƙirƙire shi ba, kai dai ka taya shi aiki. Ban san ko lallashi ba ne ko zagi, amma na karɓa na gode.

Kwana goma sha shida muka yi. Kwanakin farko maganin fitsari aka yi ta ba ta, Ladidi ta yi ta safa da marwa da fon fitsari, tana cewa ashe ƙibar da na yi ta talla da ita ga ta nan tana zubarwa a masai. A kwana na huɗu aka cire robar iska. A na shida ta kwanta da matashi biyu kacal ta yi barci har da minshari, Ladidi ta ce ba ta taɓa jin waƙa mai daɗinsa ba. Idon sawunta ya fito, muka taru muna kallonsa kamar an ga watan Sallah.

Ba zan ɓoye abin da ya ɓata mini rai ba. Kullum da sabuwar takardar magani, kuma rabin abin da aka rubuta babu shi a kantin asibitin, sai Idrisa ya hau babur ya zaga gari. Safar hannu mu za mu saya, auduga mu, har robar ƙarin ruwa. Ragon da na ɗaure don Layya a can ya ƙare, bai ga Sallah ba. Wuta kan ɗauke, gidan sauro ya yage, wani mai gadi kuma ya ɗauki ƙofar nan kamar gadon ubansa. Na ga wata mata da aka kawo daga wani ƙauye bayan kwana biyu tana naƙuda a hanya, ba ta fita da ƙafarta ba. Amma a ɗakin nan ne wata Kirista mai jinyar ƙanwarta a gadon kusa ta riƙa goya Rahama in Ladidi ta tafi salla, ita ta koya mana dafa miyar ganyen koko ba gishiri da lemun tsami har ta ciwu da gozo, tuwon rogo. Wata ma'aikaciya kuma ta tsaya bayan lokacin tashinta don ta nuna wa Uwani yadda za ta shayar a jingine ba tare da ta gaji ba.

Sai maganar Yaya Kande. Kwana uku ba ta zo ba, tana fushi an ce aikinta ne. Rana ta huɗu sai ga ta da fulas a ƙarƙashin mayafi. Ni kuwa na naɗa kaina mai gadin ƙofar ɗaki, kuma hancin da ya shekara hamsin a cikin kanwa ba a ɓoye masa ita. Na ce mene ne a ciki, ta ce ruwan zafi ne. Na ce madalla, ƙishi nake ji. Ba zan iya ƙwacewa ba, ba zan iya barin ta shiga da shi ba, sai na buɗe na kafa kai na shanye tas tana kallona. Kunun da aka dama don mai jego, da hannun wadda ke ganin an yi sakaci kwana uku ana bukatar ramuwa. Abin da ya biyo baya tsakanina ne da makewayin asibitin, kuma mai sharar wurin har yau in ya gan ni sai ya kau da kai.

Washegari na kai Yaya wurin likita. Na zaci za a yi yaƙi. Sai yarinyar nan ta ba ta kujera, ta tambaye ta mata nawa ta yi wa wanka, ta saurara. Sannan ta tambaya ko a cikinsu akwai waɗanda suka kumbura suna tari. Yaya ta ambaci sunaye biyu, ta ce an ce sanyi ne ya tafi da su.  Likita ta ce wanka da ruwan ɗumi babu laifi, kunun gero babu laifi, tausa babu laifi, a cire kanwa da tafasasshen ruwa, kuma tana roƙon duk mai jegon da Yaya ta ga ƙafarta ta ciko ta turo ta da sunanta. Yaya ta fito ta ce yarinyar tana da tarbiyya, ba kamar wasu da aka goya ba.

Ranar sallama ce aka ɗora mana babban kaya. Likita ta ce magani kullum, gishiri kaɗan, awo duk wata. Sannan ta ce zuciyar nan ba za ta ɗauki wani ciki ba sai ta murmure, shekara biyu ko fiye, sai abin da hoto ya nuna, kuma ciki a yanzu yana iya tafiya da ita. Idrisa ba ya nan, ya tafi neman magani. Ni kuwa tunda na ji an ambaci ciki na fara nazarin silin.

A gida maganar ta zama rigima. An wuce arba'in, dangin Idrisa sun aiko suna tambayar ranar da za a mayar musu da matarsu. Yaya ta ce a riƙe ta a gida shekara biyu kamar yadda aka yi a zamanin iyayenmu. Ladidi ta ce wane yaron yanzu ne zai zauna shekara biyu matarsa tana wata unguwa, kashe auren za a yi. In kuma an mayar da ita haka nan, kowa ya san abin da wata uku zai kawo. Ladidi ta dube ni ta ce, Malam, magana ce ta maza, kai za ka yi wa surukinka. Na ce gara a sake ba ni fulas.

Na je wurin Madam Solanj neman dabara, sai ta kama ni da aiki. Ta ce ita shekara da shekaru tana yi wa mata bayani, su gyaɗa kai, su koma gida inda mai yanke magana bai ji komai ba. In ta kira taron maza, kujeru ne ke zuwa. Ta ce bakin da na yi ta tsokanarta da shi yanzu za ta ci moriyarsa. Haka na sami kaina ranar Juma'a bayan an sauko daga Masallacin Koudoukou, a majalisar masu shayi, ina ba da labarin ƙafar Uwani da fulas ɗin Yaya. Suka yi dariya har da masu riƙe ciki, amma da na zo kan yatsan da ya bar rami, wani dattijo ya ajiye kofinsa ya tashi ya tafi gida, ashe surukarsa kwananta goma da haihuwa. Wani ya ce ai tazarar haihuwa shirin Turawa ne na rage mu. Na ce ni dai na ga abin da ya kusa rage gidana, kuma daga sitona ya fito. Wani malami da ke wurin ya ce in lafiyar uwa ce a kan layi, kuma miji da mata sun yarda, shi bai ga hani ba, ran da ke hannu ake fara tsarewa.

A rumfa kuma na zama alƙali. Duk wanda ya zo sayen kanwa sai na tambaye shi ta miya ce, ta dabbobi ce, ko ta mai jego. In ta mai jego ce sai ya sha wa'azi ya tafi da gero. Maƙwabcina ya ce bai taɓa ganin ɗan kasuwar da ke korar ciniki da bakinsa ba sai ni.

Duk wannan ya fi mini sauƙi a kan magana da mutum ɗaya. Na iya faɗa wa maza talatin, na kasa faɗa wa Idrisa. Na ɗauki wayata mai lafiya na kai masa gyara. Ya buɗe, ya hura, ya rufe, ya ce babu komai, Baba. Washegari na koma na ce tana zafi. Rana ta uku na ce ba ta jin kira daga Kamaru. Ya kwance ta gaba ɗaya ya baza kayan cikinta a kan tebur, muka sunkuya mu biyu muna kallo, don kada ido ya haɗu.

Na ce wa wayar, "Likita ta ce mai ɗakinka tana bukatar hutu. Hutu mai tsawo. Irin wanda ba na kasuwa ba."

Ya ɗauki wani ɗan ƙaramin ƙusa ya ajiye. Shi ma wayar ya amsa wa. Ya ce ya sani, tun a asibiti Uwani ta gaya masa da bakinta, har sun koma wurin likitar tare sun ji irin maganin tazarar haihuwar da ya dace da mai ciwon zuciya, wani ɗan abu ne da ake sawa a damtse. Ya ce shi ya yarda tun ranar, ya fi son ta da rai a kan 'ya'ya goma. Abin da ya tsayar da su ni ne. Tana gidana, ba za ta fita ba sai da sanina, kuma sati uku yana neman bakin da zai gaya wa surukinsa irin wannan magana. Ya ce duk zuwan da nake yi da waya, shi ya ɗauka na ji labari ne na zo in hana.

Na koma gida na tsaya a ƙofar ɗakinta, na fara yi wa bango bayani cewa in akwai wani wuri da ake son zuwa, ba a hana ba. Sai ta ɗaga labule ta fito da Rahama a kafaɗa.

Ta ce, "Baba, bangon nan bai taɓa haihuwa ba. Ni za ka gaya wa." Ta ce ta riga ta yanke shawara tun tana kan gadon asibiti, don ita ta ji yadda numfashi ke ƙarewa, kuma tana son ta ga auren Rahama. Ba izini take nema ba, albarka take so, da wanda zai riƙe mata jaririya.

Ranar Talata muka tafi. Ɗakin tazarar haihuwa benci biyu ne, mata cike, sai ni da Idrisa a tsakiya kamar an dasa mu, muna karɓa-karɓa da Rahama. Matan suka yi ta leƙenmu suna ƙus-ƙus da Sango, wata ta tambaye ni ko ni ma sawa zan yi. Na ce ni nawa tsufa ya riga ya sa mini kyauta. Madam Solanj ta fito ta gan mu ta koma ta kira abokan aikinta su zo su gani. Abin bai kai tafasar shayi ba, Uwani ta fito da ɗan filasta a damtse. Ranar Asabar aka mayar da ita Kokoro da gara, Yaya Kande a gaban mota tana ba direba umarni.

To, 'yan'uwa maza, ga abin da na saya da tsada nake ba ku kyauta. Mai jego in ƙafarta ta ciko, in tana tari, in ba ta iya kwanciya miƙe, in taku kaɗan na sa ta haki, ba ƙiba ba ce kuma ba sanyi ba ne, a kai ta asibiti ranar, ko kwananta uku da haihuwa. A mayar da ita awo ko lafiyarta lau. Ku shiga ku dubi 'ya'yanku da idonku, kunya ba za ta yi muku zaman makoki ba. In likita ta ce a huta, a tambayi mai jikin abin da take so kafin a tara dattawa. Masu mulki kuma da ke da ikon sa magani a kantin asibiti da mota a ƙauye, ban san ko rubutun mai kanwa yana isa teburinku ba, amma na faɗa. Godiyata ga Madam Solanj, da likitar da na raina, da baiwar Allah mai miyar koko, da maƙwabcina mai taksi wanda har yau fasinjan da ya zubar ba ya gaishe shi.

Watan jiya muka koma hoto na wata bakwai. Likita ta daɗe tana kallon talabijin ɗin, sannan ta juyo da shi wajenmu, ta nuna wani abu yana buɗewa yana rufewa. Ni ban ga komai ba sai kamar hadari, amma ta ce zuciyar ta dawo da mafi yawan ƙarfinta, a ci gaba da magani, a ci gaba da hutun. Da muka fito babu taksi, ga rana, sai Uwani ta gyara goyonta ta ce mu taka zuwa babban titi. Muka kama hanya. Kafin rabin tafiya ta ba ni rata mai yawa, ni ne ke dafe da bangon wani kanti ina haki. Na ɗaga murya a tsakiyar mutane na kira ta, na ce ta jira ubanta. Ta waiwayo tana dariya, ta ce in taho a hankali, in ta sami mota za ta ce direba ya dawo baya ya kwashi wani tsoho.